Amsar Baffa Kan Maganar Gayya

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma sai da na sa aka maimaita mini karatunsa, domin da farko dariya ce ta kama ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ka ce tun da tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta taso ku daga Kano kuka koma gidan kakanku, yara ba su daina ƙorafin rashin lantarki da talabijin ba, uwarsu tana fama da guga da murhun kara, kai kuma sai ka hau tudun bayan gari kafin wayarka ta kama. Duk wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayarka ta ƙarshe, wai maƙwabcinku ya kira gayya, kai kuwa hannunka bai saba da fartanya ba, ko al'ada ta yarda ka biya kuɗin 'yan ƙodago biyu ka yi zamanka a gida.

Mu a gandu muka tashi, daga hantsi zuwa azahar muna gonar gida, sai da yamma kowa ya leƙa gayaunarsa. Rediyo ɗaya ce a duk garin, ta gidan dagaci, kuma idan batir ya yi sanyi a rana ake shanya shi domin a samu a ji labaran Kaduna da dare. Ba mu ɗauki wannan a matsayin rashi ba, saboda duk abin da na'ura take yi muku yanzu, a lokacin mutum ne yake yi wa ɗan'uwansa.

Bari in ba ka labarin daminar 1974. Farin 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, ya bar rumbunanmu wayam, har irin shuka sai da aka roƙo. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, sai kurkunu ya kwantar da kakanka. Ku ba ku san wannan ciwo ba, tunda an tabbatar da kawar da shi daga Najeriya a 2013, amma tsutsa ce da ake kamuwa da ita daga ruwan kududdufi, ta fito ta ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, kuma ba ta tashi fitowa sai lokacin da noma ya fi buƙatar mutum. Ciyawa ta fara cin geron, noman farko yana neman wuce mu, ni da mahaifinka kuwa ƙarfinmu bai kai ba. Kakarka ta ƙulla goro ta aika wa sarkin noma, alhali ba ta da hatsin da za ta dama wa mutane fura. Da daddare matan unguwa suka riƙa shigowa, wannan da rabin tiya, waccan da ƙwaryar nono, aka kwana ana daka a hasken aci-balbal.

Gari na wayewa muka ji gangar noma. Samari suka jeru, kowa ya kama kunyarsa, makaɗi yana bin su yana kiran sunan uban kowa, wanda aka bari a baya kuwa 'yan mata masu kawo ruwa su yi masa shewa. Akwai wani tela a garin wanda bai taɓa iya noma ba, amma ya zo ya wuni yana ɗaukar tulu, yana gyara ƙotar da ta kwance. Wani tsoho da idonsa ya tafi shi ma jikansa ya jawo shi, ya zauna a gindin tsamiya yana sa albarka, domin gawo ba ya da inuwa da damina. An ɗauko kakanka a kan jaki aka ajiye shi a bakin gona, bai ce uffan ba, yana dai bin fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar an gama gonar da za ta ci mu mako da makonni.

A ranar akwai wani mai hali da ya aiko yaronsa da sababbin takardun naira, aka karɓa aka yi godiya, aka ƙaro goro da su. Kakanka ya ce mana wannan kyauta ce, Allah ya saka masa, amma ba a rubuta ta a lissafin gayya, saboda gayya bashi ce da ake biya da jiki. Da rani ya yi mutumin ya tashi ɗora jinkar sabon rumbunsa, sai ga shi yana bi gida-gida yana neman hannu, kowa yana kawo uzuri, alhali da rufin telan nan ya zube ko kira bai yi ba aka cika gidansa. Abin da kakarka take nufi ke nan duk lokacin da ta ce zumunta a ƙafa take.

Na san zamani ya juya. Ko a ƙauyen yanzu maganin feshi ya rage noman farko, ƙodago ya kusa kashe gayya, makaɗan noma ma sun zama sai an nema. Abin da yake ɓata mini rai shi ne yadda kuka saba da aika ta'aziyya da barkar suna ta WhatsApp, har kuka ɗauka kowane hakki ana iya sauke shi daga zaune. To ga shi ka je inda wayar ba ta kamawa, ranar da ciwo zai tashi da tsakar dare ƙofar maƙwabcin nan za ka buga.

Ban ce kuɗinka haramun ne ba, kuma kowane gari da yadda yake yi, saboda haka ka tuntuɓi dattawan masallacinku. Idan ka yanke shawarar zuwa, ka naɗe ƙotar fartanyarka da tsumma saboda bororo, kada ka kama kunya kusa da samari masu ji da ƙarfi, kuma ka tafi da babban ɗanka ko tulu ne ya ɗauka. Ka gaishe da uwar yara, ka ce mata ta girka randarta a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ta riƙa tace ruwan da ƙyalle mai tsabta kafin yaran su sha.