Amsa ga mai tambaya kan dasa knobcone pine

Ɗan'uwa, ka ce ka samu gida a gefen tudu a arewacin Kalifoniya, kuɗin ruwa ya ishe ka, ga shi wani ya ba ka shawarar dasa knobcone pine, wata bishiya mai ganye siri-siri kamar allura, tunda 'yar ƙasa ce mai jure fari. Bai yi maka ƙarya ba. Sai dai ni da na daɗe ina renonta a bayan gida, abin da zan fara tambayarka shi ne: a ina za ka sa ta?

Bishiyar nan ta gobara ce. Daga kudancin Oregon, ta bi duwatsun Klamath da na Santa Cruz har arewacin Baja a Meziko, inda duk ka ga dajinta to wuta ta taɓa cin wurin. Kwansonta mai ƙulu-ƙulu, wanda irinta ke ciki, tsawonsa santimita 8 zuwa 16, yana fitowa huɗu-huɗu ko biyar-biyar ya zagaye reshe ko gangar jikinta, ƙaro ya liƙe shi gam. Haka zai zauna shekaru barkatai bai buɗe ba, bai kuma faɗo ba. A tawa akwai wani da itacen ya yi kauri ya haɗiye rabinsa, sai tsininsa kawai ke leƙowa daga cikin ɓawo. Sai zafin wuta ya narkar da ƙaron irin ke zuba a kan toka, uwar ta mutu, 'ya'yan su tashi. Ga busassun rassa da ba ta yarwa da wuri, ga ganye siri-siri da ke taruwa a ƙasa, duk makamashin wuta ne. Dokar jihar ta ce a gyara ƙafa 100 kewaye da gida, kusan mita 30, a wuraren da ake fargabar gobarar daji, kuma masu inshora suna duba wannan sosai. Dokar ba ta hana itace a cikin wannan tazarar ba, amma ni dai ba zan sa wannan kusa da rufi ba ko da kyauta aka ba ni. Can ƙarshen fili, ita kaɗai, ka riƙa sare rassan ƙasa kana kwashe ganyen kafin rani.

Batun ƙasa kuwa, a nan mutane ke kashe ta da alheri. Fako take so, tsakuwa da duwatsu, har irin ƙasar nan mai kore-kore da ake kira serpentine wadda yawancin itatuwa ke gudu. Idan ka haƙa rami ka ga laka, ka zuba ruwa ya kwana bai tsotse ba, nemi gangare. Kada ka sa taki. Kada kuma ka dasa ta a inda famfon fesa wa ciyawa ke kaiwa, domin jiƙa gindinta kullum a lokacin zafi shi ke ruɓar da saiwa.

Ka sayi ƙarama ta cikin ƙaramar tukunya, domin manyan galibi saiwarsu ta riga ta nannaɗe. Rassan ƙungiyar California Native Plant Society, mai kula da tsirran asalin Kalifoniya, kan sayar da dashe a kaka, daidai lokacin da ya dace, ka dasa a Oktoba ko Nuwamba ruwan hunturu ya yi maka aikin. Rani biyu na farko ka ba ta ruwa ya ratsa ƙasa, sau ɗaya duk mako uku ko huɗu, nesa kaɗan da gindi. Daga nan ka ɗauke hannu. Rana take so tun safe har yamma, a inuwa sai ta zube.

Kada ka sa ran inuwar da za a shimfiɗa tabarma a sha shayi kamar ƙarƙashin darbejiya. Inuwarta shara-shara ce, jikinta sau da yawa a karkace, tsayi daga mita 8 zuwa 24 gwargwadon ƙasa. Ni wannan karkacewar ce ke burge ni, uwargida kuwa har yau cewa take kamar ba ta da lafiya. Ba ta kuma da tsawon rai, da wuya ta haura shekara 100. In kana kusa da gaɓar teku ka sa ido kan cutar pitch canker da ta addabi 'yar'uwarta Monterey pine: ƙarshen reshe ya yi ja, ƙaro na tsiyaya. In inuwa kake nema a tsakar gida, sa blue oak ko coast live oak, wasu itatuwan yankin masu ba da inuwa, ka yi haƙuri da jinkirinsu.

Wani kuma ya tambaya ko zai iya kai irinta Kano ya dasa. Ban ba shi shawara ba. Ita ta saba da ruwa a lokacin sanyi da rani busasshe, damunarmu kuwa cikin zafi take zuwa, abin da saiwarta ta tsana ke nan. Pine ɗin da ya karɓi Jos da Afaka ta Kaduna wani iri ne daban, ɗan yankin Karibiyan.

Turo hoton ramin bayan ka zuba ruwa, da nisan wurin daga katanga, mu gani.