In injin jirgi mai saukar ungulu ya mutu a sama

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jirgi mai saukar ungulu yakan faɗo kamar dutse in injinsa ya mutu a sama. A'a, ana iya saukar da shi lafiya. Farfelar takan rabu da injin da kanta, iskar da ke bugo ta daga ƙasa yayin da jirgin ke gangarowa ita ke ci gaba da juya ta. Sai dai matuƙi ba shi da lokacin tunani: cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu dole ya sauke sandar hannun hagu, wadda ke sarrafa karkatar fikafikan farfelar, in ya yi nawa farfela ta rage gudu sosai, shi ke nan. Daf da ƙasa ya ɗaga hancin jirgin, sannan ya ja sandar don ya sassauta saukar.

Sharaɗin shi ne jirgin ya kasance yana da isasshiyar tazara daga ƙasa ko gudu isasshe. Ni kuwa a nan Damagaram ƙura ta fi ba ni tsoro. Na ga yadda irin jirgin nan ke tada rairayi in zai sauka, har ya ɓace wa mai kallo. To ina ga matuƙin da ke neman fili ba inji, ga hazon hunturu?