Tambayoyin Fasaha: Littafin da ya nemi izinin karanta saƙonninka

Wasiƙun wannan makon kusan duk kuka ɗaya suke yi: an koma makaranta, lakcarori sun miƙo jerin littattafai, aljihu kuma ya ce bai san zancen ba. Na zaɓi biyar.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyya ne a shekarar farko. Littattafai huɗu aka ce mu saya, ko na ɗaya ba ni da kuɗinsa. Akwai inda ake samun su kyauta ta halastacciyar hanya?

Amsa: Akwai, sai dai ba lallai ka sami ainihin wanda lakcara ya rubuta sunansa a allo ba. Abin da za ka samu shi ne buɗaɗɗen littafi, wanda masu shi suka sake da lasisin da ya ba kowa damar saukewa, bugawa da rabawa. Fara da OpenStax na Jami'ar Rice da ke Amurka. Tun 2012 suke fitar da littattafan shekarun farko na jami'a: fiziks, kemistiri, bayoloji, lissafi, ƙididdiga, tattalin arziki. Malaman jami'a ke rubutawa, wasu malaman su tace kafin a fitar. In ba ka samu a can ba, leƙa Open Textbook Library na Jami'ar Minnesota, inda za ka ga sharhin malaman da suka duba littafin. Ɗan kemistiri ya riƙe shafin LibreTexts. Mai neman takardun lacca da tsofaffin tambayoyin jarrabawa ya nufi MIT OpenCourseWare.

Ɗauko takardar tsarin kwas ɗinka, ka bi maudu'an ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta lambar babin da ya dace a gefen kowanne. Aikin minti ashirin ne. Dokokin Newton ba sa canzawa don an canza bangon littafi.

Tambaya: Na nemi wani littafin injiniya a Google, na sami shafin da ya ce kyauta ne. Da na danna, wayar ta ce in ba da izini a girka wani abu, na bayar. Littafin bai buɗe ba, kuma tun ranar talla ke faɗo mini ko ina cikin kira. Ya zan buɗe littafin?

Amsa: Ɗan'uwa, wane littafi kuma? Ba littafi ka sauke ba. Ɓarawo ya ƙwanƙwasa, ka buɗe masa ƙofa, ka shimfiɗa masa tabarma, yanzu kana tambaya me ya sa bai fara koya maka injiniya ba.

Wannan ita ce wasiƙar da take zuwa kowane zangon karatu, kuma ita ce take cin raina. Ku ji da kyau: littafi ba a girka shi. Buɗe shi ake yi. Sunan fayil ɗin littafi yana ƙarewa da .pdf ko .epub, wani lokaci .djvu a tsofaffin littattafan da aka ɗauki hotonsu. Duk abin da ya ƙare da .apk manhajar Android ce, wanda ya ƙare da .exe ko .msi kuwa manhajar Windows ce. Wayarka ta yi iya ƙoƙarinta, don tun Android 8 ba ta barin burauza ta girka manhaja daga wajen Play Store sai mai wayar ya kunna izinin da hannunsa. Ta gargaɗe ka, ka wuce gargaɗin kamar mai tsallake kwata.

Ga yadda tarkon yake. Shafin zai nuna hoton bangon littafin da manyan maɓallan saukewa guda uku ko huɗu masu launin kore. Ka danna, sai ya ce ka taɓa Allow don a tabbatar kai mutum ne. Wannan Allow ɗin ba ruwansa da tabbatar da kowa, izinin turo maka sanarwa ne, shi ya sa talla ke binka. Daga nan fayil ya sauka da sunan littafin, girmansa megabait 3 ko 4, alhali littafi mai shafi 900 cike da zane da wuya ya tsaya a nan. Bayan girkawa sai ya nemi izinin karanta saƙonni, ko izinin Accessibility. Na farkon yana ba shi damar ganin lambar sirrin da banki ke turowa. Na biyun ya fi muni: yana ganin duk abin da ke kan allo, yana kuma iya danna maɓalli a madadinka. Ka tambayi kanka, me littafin injiniya zai yi da saƙonninka?

Abin yi yanzu, a jere. Kashe data da Wi-Fi. Shiga Settings, Apps, ka duba manhajojin da aka girka kwanan nan. Nemi wadda ba ka sani ba, sau da yawa ba ta da tambari ko tana ɗauke da suna mai kama da na tsarin wayar. In maɓallin cirewa ya ƙi dannuwa, ta naɗa kanta mai kula da waya ne: je Device admin apps a sashen tsaro ka sauke ta daga kujerar, ka kashe ta a Accessibility, sannan ka cire. In ta hana ka motsi gaba ɗaya, kunna wayar a Safe mode, a nan manhajojin da ka girka ba sa tashi. Sai ka buɗe Chrome, Site settings, Notifications, ka toshe duk shafin da ba ka gane ba. Koma Install unknown apps ka janye izinin da ka ba burauza. Kunna binciken Play Protect, mai gadin manhajoji da ke cikin Play Store. Kalmomin sirri na imel da banki kuwa a wata na'urar za ka canza su, ba a wannan ba. Idan ka riga ka ba da izinin Accessibility, ni dai shawarata ka kwashe hotuna da takardunka ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.

Masu kwamfuta, ku daina murmushi. Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil tun asali, don haka littafi.pdf.exe zai bayyana muku a matsayin littafi.pdf, har da jan tambari. Ku buɗe File Explorer, a View ku kunna File name extensions, yau ba gobe ba. Fayil ɗin da aka dunƙule a zip aka sa masa kalmar sirri kuwa, an yi hakan ne don manhajar tsaro ta kasa leƙa ciki. Wanda kuke shakka, ku ɗora shi a VirusTotal, shafin da ke bincikar fayil da manhajojin tsaro masu yawa, kafin ku buɗe.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da yawa daga cikin waɗannan kwasa-kwasan akwai littafinsu a buɗe, a shafin masu shi, danna ɗaya, babu talla. An guji biyan kuɗin littafi an koma biyan mai gyaran waya, gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Tambaya: Rubutun PDF ya yi ƙanana a wayata, idona har ruwa yake yi.

Amsa: 'Yar'uwa, PDF hoton shafin takarda ne, ba ya lanƙwasa don wayarki. In akwai EPUB ki ɗauke shi, ki buɗe da manhajar ReadEra, ki ƙara girman rubutu yadda kike so. Littattafan OpenStax kuma ki karanta a shafinsu, yana daidaita kansa da allo. In dole sai PDF, kwantar da wayar ki yanke farin gefen shafi a cikin manhajar. Kada ki mayar da littafin lissafi EPUB da Calibre, manhajar da ke sauya nau'in fayil ɗin littafi, alamomin za su watse ki kasa gane kansu.

Tambaya: Ni malama ce a kwaleji. Ina so in haɗa babi-babi daga buɗaɗɗun littattafai uku, in fassara wasu sassa, in raba wa ɗalibaina. Ya halatta?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara mana irinku. Amsar tana cikin haruffan lasisin Creative Commons da ke shafin farko ko ƙasan shafin intanet na kowane littafi. BY na nufin ki ambaci mai shi. NC, kada a yi kasuwanci da shi. SA, abin da kika ƙera daga gare shi ki sake shi da lasisi iri ɗaya. ND shi ne mai hana ruwa gudu: za ki iya raba littafin yadda yake, amma ba za ki raba wanda kika sauya ba, kuma fassara sauyi ce. Inda ake tuntuɓe shi ne narkar da mai BY-SA da mai BY-NC-SA cikin rubutu ɗaya. Kowannensu yana son sabon aikin ya ɗauki lasisinsa, ba kuwa za a iya gamsar da su biyun ba. Mafi sauƙi ki tattara masu BY kawai. Kada ki ɗauka duk littattafan gida ɗaya lasisinsu ɗaya ne, ko a OpenStax akwai masu NC. Ki duba ƙasan hotuna ma, wani hoton da nasa sharaɗin daban.

A ƙarshen kowane babi ki sa abu huɗu: sunan aikin, marubuci, adireshin inda kika ɗauko, da lasisi, sannan ki faɗi cewa kin yi gyara. Ki ajiye kwafin da ake iya gyarawa tare da PDF ɗin, don wanda zai gaje ki kwas ɗin. Kuma don Allah ki sa wa fayil suna na hankali, kwas da babi da shekara. Wanda ke da takardu goma sha biyu duk masu suna "sabo na ƙarshe 2" ya san da shi nake.

Tambaya: Wani da ya gama zai sayar mini da tsohon bugu na littafinmu da araha. In saya?

Amsa: Buɗe shafin kamfanin da ya buga, ka gwada jerin babukan sabon da na tsohon. In sun yi daidai, saya. Abin da aka fi sauyawa shi ne lambobin shafi da na atisaye, don haka duk aikin gida ka ɗauki hoton tambayoyin daga kwafin laburare. Amma fara tambayar lakcara ko kwas ɗin yana buƙatar lambar shiga shafin aikin gida da ke zuwa cikin sabon littafi. Sau ɗaya ake amfani da ita, ta tsohon mai shi ta riga ta mutu, kuma galibi ana sayar da ita ita kaɗai a shafin kamfanin. Haɗa kuɗin biyun ka gwada da na sabo kafin ka miƙa ko sisi.