Tambaya da Amsa: Shirin bidiyo kan tsoffin bindigogi, wa zai biya, ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare. Ni da abokaina biyu muna son fara shirin bidiyo da Hausa kan tsoffin bindigogi, tun daga na toka har zuwa waɗanda Turawa suka ci ƙasar nan da su. Ba mu da mai ɗaukar nauyi, shi ya sa muke tunanin yin shela a Facebook a tara mana kuɗin kyamara. Mun kama hanya kuwa? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shelar nan ku dakata da ita tukuna, kyamarar ma haka. Abin da ke kashe irin wannan shiri tun bai yi ƙwari ba shi ne rashin bindigar da za a ɗora kan tebur a nuna. Ian McCollum, Ba'amurken nan mai tashar Forgotten Weapons, yawancin makaman da yake nunawa ba nasa ba ne. Gidajen gwanjo da gidajen tarihi yake bi, su buɗe masa ma'ajiyarsu, ya ɗauki shirye-shirye da dama a zuwa ɗaya. Ku ma aikinku na farko ke nan: ku rubuta jerin bindigogi goma sha biyu, kowace da wurin da take, da wanda ke da ikon cewa "ku ɗauka". Wadda ba ku san inda take ba, ku cire ta daga zangon farko komai daɗin labarinta.

Labari kam ba za ku rasa ba. Imam Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Alauma na Borno yana da Turkawa maharba bindiga tun ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari aka shigo da bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki ne ya fara ajiye masu bindiga a matsayin dakarun tsaron sarki. A Damagaram, Sarki Tanimun ya sa an ƙera igwa a cikin garin Zinder. Ga Rabeh, mayaƙin da ya ci Borno ya zauna a Dikwa, aka kashe shi a Kusuri a 1900. Ga kuma yaƙe-yaƙen Turawa na 1903: Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Burmi ranar 27 ga Yuli, inda mahaya dawaki da 'yan baka suka fuskanci bindigar Maxim mai ruwan harsashi. Har yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani amma ta bar ƙofa ga tsoffin bindigogi masu ƙanƙara, shiri guda ce mai zaman kanta, domin tana cikin dalilan da suka sa aka yi waɗancan yaƙe-yaƙe da makamai marasa daidaito.

Wuraren nema su ne gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano da gidan tarihi na ƙasa da ke Kaduna, sai fadoji ta hannun Sarkin Bindiga, sai maharba ta hannun Sarkin Baka, sai tsoffin gidajen sarauta da suka gaji kayan yaƙi. Gidajen tarihi na tarayya suna ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, kuma takarda ake rubuta wa shugaban gidan, a faɗi ranar zuwa, da yawan mutane, da kayan da ake son a fito da su daga gilashi. Ku ba takardar wata guda aƙalla. A fada kuwa takarda kaɗai ba ta isa, sai an samu wanda zai yi muku iso.

Bayan haka ku yi shiri uku da aljihunku, da wayar da ke hannunku, ku sake su. Mutane ba sa zuba kuɗi kan alkawari, amma wanda ya kalli minti goma sha biyar ya ƙaru, shi zai tambaye ku lambar asusu da kansa. Idan dole sai kun sayi wani abu yanzu, ku sayi ƙaramar makirfo ta maƙalawa a wuyan riga da ƙafar ɗora waya. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, ba ya haƙuri da muryar da iska da ƙarar janareta suka cinye.

Tambaya: Ina riƙe da asusun wata ƙaramar ƙungiyar masu son tarihi. Sun ce in fitar musu da lissafin abin da za mu nema a wajen masu kallo duk wata. Ta yaya ake wannan lissafi, kuma kuɗin tallar YouTube ba zai wadatar ba? (Wata mai karatu daga Kano)

Amsa: Hajiya, kuɗin talla ki sa shi a gefe kamar babu shi. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da tasha, sai tashar ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Ko an kai nan, bidiyon da ke nuna makami sau da yawa ana rage masa talla, ko da na tarihi ne tsantsa, kuma tallar da ake nuna wa masu kallo a Najeriya da Nijar ba ta da tsada kamar ta Amurka. Wannan ne ya sa tashoshi irin su C&Rsenal, masu dogayen shirye-shirye kan bindigogin Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka jingina da gudummawar wata-wata ta Patreon, shafin da masu kallo ke tallafa wa masu shiri ta kansa.

Lissafin daga shiri ɗaya ake fara shi. Ga misali, alƙaluman kuma na misali ne kawai, ki sa na gaskiya a gurbinsu. A ce shiri ɗaya yana cin ₦200,000: mota da masauki ₦70,000, mai ɗauka da mai sauti ₦40,000, mai tacewa ₦40,000, kuɗin izini da goron masu kaya ₦25,000, data da man janareta ₦25,000. Shiri biyu a wata ₦400,000 ke nan. Ki ƙara kashi ashirin cikin ɗari na ko-ta-kwana, ya zama ₦480,000. Idan kowane mai tallafi yana ba da ₦2,000, kuna buƙatar mutum 240. Amma ki nemi 300, domin duk wata sai an samu wanda katinsa ya ƙi, da wanda ya manta, da wanda albashi bai shigo masa ba. Shawararmu ita ce ki ɗauka mutum ɗaya cikin ɗari na masu kallo na kullum ne zai biya. Idan lissafin ya nuna ba ku kai ba, ku koma shiri ɗaya a wata. Abin kunya shi ne a yi alkawarin biyu a kawo ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da kusan kowa ke mantawa. Na farko ladan mai bincike da rubutu, wanda shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Idan an bar shi a matsayin taimako, ranar da mai yin sa ya samu wani aiki shirin ya tsaya. Na biyu ma'ajiya. Bidiyon 4K da aka ɗauka a kan megabit 100 cikin daƙiƙa yana cin gigabait 45 duk awa. Kyamara biyu na awa uku sun cinye 270. Ana buƙatar faifan ajiya biyu, ɗaya a wani gida daban, domin tsohon da kuka yi hira da shi bana ba lallai ku same shi baɗi ba.

Wajen karɓar kuɗi, kowace hanya da abin da take yanka. Patreon na ɗaukar kusan kashi goma cikin ɗari ban da kuɗin sarrafa kati, kuma ya fi dacewa da 'yan uwa mazauna waje masu biya da dala ko fam. Tsarin mambobi na YouTube yana ɗaukar kashi talatin. Ga na gida, Paystack da Flutterwave suna da tsarin cirewa duk wata daga kati, kuma abin da suke yanka bai kai na waɗancan ba. Da yawa dai tiransifa za su yi, don haka sai an samu mai rubuta sunaye da tunatarwa, kamar uwar adashe. Kada kuɗin nan ya shiga asusun mutum ɗaya. Ku yi rajistar suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ku buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu, kuma duk ƙarshen wata ku fitar da abin da ya shigo da abin da ya fita. A ganinmu wannan takarda ta fi kowace kyauta riƙe masu tallafi.

Kyautar ma ta zama wadda ba ta cin kuɗi: kallon shiri mako guda kafin kowa, suna a ƙarshen bidiyo, ƙuri'ar zaɓen bindigar da za a yi gaba, cikakkiyar hira da ba a yanke ba. Riga da hula kuwa, kuɗin aika su Fatakwal ko Jidda zai cinye gudummawar.

Tambaya: Akwai bindigar kakanmu a rataye a zaure, mai ƙanƙara ce. Masu shirin bidiyo sun nemi mu ba su su harba ta a gaban kyamara. Mu yarda? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: A'a, Malam. Su ɗauke ta a kwance, kada a harba. Ƙarfen da ya shekara ɗari yana iya yin tsatsa ta ciki inda ido ba ya gani, kuma idan bututu ya fashe, hannun hagu da fuskar mai harbi ne a wurin. Mafi muni shi ne a ɗura mata hodar harsashin zamani, wadda ƙarfinta ya wuce abin da aka ƙera ta ta ɗauka.

Kafin ma a taɓa ta, a ɗauka a ɗure take. Masu irin wannan bindiga a ɗure suke rataye ta, kuma albarushi ba ya mutuwa don tsufa in dai bai jiƙe ba. Yadda ake dubawa: a juya bakinta inda babu kowa, a zura siririn sanda a hankali har ya tsaya, ba tare da an sa fuska ko tafin hannu a saitin bakin ba, a yi wa sandan alama daidai baki. Sai a zaro shi a shimfiɗa a jikin bututun ta waje. Idan ƙarshensa ya kai ɗan ramin da wuta ke bi ta shiga, babu komai. Idan ya rage inci ɗaya ko fiye, akwai abu a ciki, sai a ajiye a kira wanda sana'arsa ce. Kada a ɗana ta a ja kunama don a ji ƙara, tsohon sifirin da ke cikinta yana karyewa kuma ba a samun madadinsa.

Kada kuma kowa ya goge ta da yashi ko toka don ta yi ƙyalli a hoto. Tambarin da ke jikinta shi ne shaidarta. Haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai suna nuna an gwada bututun a Liège ta Beljiyam. Sanduna biyu a gicciye da kambi na Birmingham ne a Ingila. Bindigar Martini-Henry ta sojan Ingila tana da kambi da V.R. da shekarar ƙira a gefen dama. Sau da yawa za a tarar bututun na Turai ne, ƙotar kuma maƙerin gida ne ya sake ta, da fata da layu da zoben tagulla, kuma wannan haɗin ya fi komai daɗin bayani. Don tambarin ya fito, a sa fitila ɗaya daga gefe ƙasa-ƙasa, a tare ta da farin ƙyalle, domin hasken gaba-da-gaba yana wanke rubutun.

Idan suna son hayaƙi da ƙara, su jira hawan sallah su nemi izinin ɗaukar 'yan bindigar sarki, waɗanda aikinsu ke nan. Waya mai ɗaukar hoto 240 cikin daƙiƙa ta isa ta nuna tartsatsi da tashin hayaƙi a hankali.

Ta fuskar doka, Dokar Makamai ta 1959 ta haɗa har da bindigar da ake ɗurawa ta baki, kuma lasisinta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake. A halin tsaron da ake ciki, kada ku bari a sa ta a mota a kai ta wani wuri. Masu kyamara su zo inda take, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, kuma kada a nuna ƙofar gida ko a faɗi unguwa a cikin shirin. Su ma su sani cewa nuna yadda ake ƙera bindiga ko haɗa albarushi daki-daki ya saɓa wa ƙa'idar YouTube, yana iya jawo a rufe tashar. Hira da maƙeri kan tarihin gidansu ba laifi, darasin ƙira ne ba a yi.

Tambaya: Mu tara kuɗin zango guda gaba ɗaya ta Kickstarter, ko mu bi na wata-wata? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Kickstarter, shafin tara wa aiki kuɗi daga jama'a, ba ta buɗe wa masu asusun banki a Nijar ko Najeriya su kafa gangami ba, kuma tsarinta shi ne in ba a cika adadin da aka sa ba, ko sisi ba a karɓa. Amma tambayarka tana nan ko da wace hanya za a bi. Tarawa lokaci guda ta dace da abu mai iyaka da farashi sananne, kamar tafiyar kwana biyar zuwa Zinder don ɗaukar shiri huɗu kan zamanin Tanimun. A faɗi adadin, a sa wa'adin kwana talatin, a kuma faɗa tun farko abin da za a yi da kuɗin idan rabi kawai aka samu. Na wata-wata shi ke biyan mai tacewa da data. Ku fara da shi, gangamin tafiya kuma ku bari sai kun saki shiri shida a kan lokacin da kuka ɗauka.