Reza na kauce wa layin sitika: laifin inji ne?

Saƙon yaron shagona ne, wanda ya fara karɓar ƙananan ayyuka a gida bayan an tashi daga aiki:

"Maigida, barka da dare. Injin yanka sitika na Cricut ɗin nan da na saya na hannu, Explore Air 2, ya fara ba ni ciwon kai. Wata hajiya mai zoɓo ta ba ni aikin zagayayyun sitika na gorunanta. Sai ga shi reza tana cin gefen rubutu, ɗaya gefen kuma ta bar fari da yawa. Wani lokacin ma injin ya yi ta kai da kawo da fitilarsa, ƙarshe ya ce bai ga alama ba. Na canza reza, bai daina ba. Tawadata ta ƙare shi ya sa nake kai aikin shagon kwamfuta na bakin titi su buga mini. Ko dai injin ne aka sayar mini da matsala?"

Barka kadai, ɗana. Kada ka mayar da inji, kada kuma ka ƙara ɓarnar kuɗi a kan reza. Amsar tana cikin maganarka ta shagon bakin titi, amma bari mu bi ta daki-daki don gobe ka iya gano irin wannan da kanka.

Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne, injin nan ba ya ganin hotonka. Bai san akwai zoɓo a takardar ba, bai san inda sunan hajiya ya ƙare ba. Ɗan idon da ke kusa da reza, mai wannan fitilar, baƙaƙen alamomin da manhajar injin ke bugawa a gefen takarda kawai yake nema. Da ya same su sai ya ɗauka cewa duk abin da ke tsakaninsu yana nan daidai yadda manhajar Design Space ta tsara shi, ya bi lissafinsa ya yanka. Kamar tela ne da aka zana masa alli a yadi: allin zai bi da almakashi, in an zana a karkace ba ruwansa. Saboda haka idan yanka ya kauce, kafin ka zargi reza tambayi kanka me ya sami takardar tun daga kwamfuta har ta hau tabarmar inji, wato faifan nan mai danƙo da ake manna takarda a kai kafin yanka.

Ɗauko takarda ɗaya daga cikin waɗanda suka lalace, ka shimfiɗa ta a wuri mai haske, ka dubi sitikar farko ta sama a hagu, sannan ka dubi ta ƙarshe a ƙasa ta dama. Yadda kuskuren ya zauna shi zai gaya maka inda ya fito.

In ta sama ta fito kusan daidai, amma kana gangarowa kaucewar tana ƙaruwa har ta ƙasa ta fi kowace lalacewa, to girman bugun ne aka taɓa. Ina kyautata zaton naka ke nan. Mu nan takardar A4 muke amfani da ita, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Kamfanin Cricut na Amurka ne, a jihar Utah, kuma can takardarsu ta yau da kullum ita ce Letter, mai faɗin kusan milimita 216 da tsawo 279. In an tsara aiki a kan Letter aka kai wa mai shago, shi kuma kwamfutarsa tana kan zaɓin nan da ke matse hoto ya shige takarda, za ta rage shi da wajen kashi uku cikin ɗari ba tare da kowa ya lura ba. Ido ba ya ganin kashi uku. Amma lissafa: a tsawon santimita 20, kashi uku milimita shida ne. Milimita shida a sitika mai faɗin santimita biyar, ai an cinye lambar wayar hajiya. Wani lokacin ma injin yana auna tazarar alamomin ya ga ba ta yi daidai da abin da yake jira ba, sai ya ƙi aikin gaba ɗaya. Mai shagon ba mugunta ya yi maka ba, shi takardun makaranta da na neman aiki ya saba bugawa, inda ragin nan ba ya cutar da kowa. Maganinsa: ka zaɓi A4 tun cikin manhaja, ka buga kai tsaye daga cikinta zuwa firintarka, a girma ɗari bisa ɗari, ka kashe duk wani zaɓi na matsewa ko na bugu marar gefe. Kuma kwamfuta ko wayar da ka aika bugun da ita, da ita za ka aika yankan, a zama ɗaya. Sayi tawada, ya fi maka arha a kan takardun da kake zubarwa.

In kuwa duk sitikun sun kauce gefe ɗaya da tazara iri ɗaya, ta sama da ta ƙasa ba bambanci, wannan saiti ne tsakanin ido da reza, kuma injin hannu ya gaji haka tunda ya sha jijjiga a hanya. Shiga manhaja ka nemi Calibration, ka zaɓi na bugu da yanka. Zai ba ka takarda mai layuka, na sama da lambobi, na gefe da haruffa. Ya yanka su, kai kuma ka gaya masa lamba da harafin da yankan ya faɗa tsakiyar layi. Farar takarda ta yau da kullum ta isa. Yi shi da natsuwa, in bai zauna ba ka maimaita.

Na uku shi ne wanda ba shi da tsari: wannan ta yi daidai, waccan ta karkace, zagaye bai haɗu da inda ya faro ba. Takarda ce ke motsi. Ko danƙon tabarma ya mutu, ko ba ka danne takardar sosai ba, ko ka jingina injin da bango tabarmar tana fita ta baya tana bugunsa. Bar masa fili a baya kamar tsawon tabarmar. Takarda kuma a kusurwar sama ta hagu take zama, daidai kan layin, ka bi ta da kati ka danne. Shuɗiyar tabarma mai sauƙin danƙo ita ta dace da takardar sitika; koriyar in sabuwa ce tana riƙewa har ta nannaɗe maka aiki. Ga hunturu na tafe, ƙura ita ce babbar mai kashe tabarma, don haka ledar da ta zo da ita kada ka yar, ka rufe da zarar ka gama. In ta yi datti, ruwan ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi, ka bar ta ta bushe da kanta.

Sai batun "bai ga alama ba". Idon nan haske yake harbawa ya karanta abin da ya dawo masa: fari ya dawo da haske, baƙi ya shanye. Takarda mai sheƙi kuwa, ko baƙin layin da ke kanta yana walƙiya, sai idon ya ruɗe. Haka in rana ta taga ko ƙwan fitila na dukan injin kai tsaye. Ja labule, ko ka sauke murfin injin yayin da yake karatu. In takardar ce mai ƙyalli, samo salatif marar sheƙi, irin mai duhu-duhun nan da ake iya rubutu a kansa, ka liƙa a kan alamomin kawai. Ka kuma duba baƙin da kansa: in tawada ta kusa ƙarewa ya fito toka-toka ko da tsaga-tsaga, ba zai karantu ba. Naka Explore farar takarda yake so. Maker, wani samfurin na Cricut, shi ke iya jure masu launi mai haske. Lokaci-lokaci ka goge idon da busasshen auduga a hankali.

Ko da komai ya zauna, inji ne na gida, kaucewar da ba ta kai milimita ɗaya ba za ta riƙa faruwa. Mai wayo a zane yake ɓoye ta. Kada ka zana siririn layi zagaye daidai inda reza za ta bi, don ko gashi ɗaya ta kauce kowa zai gani. Ba sitikar farin gefe na milimita biyu zuwa uku da zaɓin Offset na cikin manhaja, sannan ka haɗe komai ya zama hoto ɗaya da Flatten. In ka manta wannan na biyun, injin zai ɗauki kowane harafi abin yanka ne, ya yi maka kaca-kaca da sunan hajiya. In kuma launi ne ya kai har baki, kamar jan zoɓo, bar Bleed a kunne: yana ɗan faɗaɗa launin ya wuce layin yanka, ko reza ta kauce ba za a ga fari ba. A takarda zai yi kamar hoton ya kumbura, kada ya dame ka. Rubutu da lambar waya kuwa ka ja su ciki, nesa da baki.

Ba ka tambaye ni zurfin yanka ba, amma na san za ka zo kansa. Sitikar gora, wadda yara za su riƙa ɓarewa suna mannawa da sauri, yankan sama-sama take so: reza ta ratsa sitikar ta bar takardar baya lafiya, a miƙa wa mai kaya shafi guda. Wadda za a raba ɗai-ɗai a biki ko walima ita ake yankewa har ƙasa. Maɓallin da ke kan injinka ka juya shi zuwa Custom, ka fara da saitin abu marar kauri, ka gwada ɗan ƙaramin zagaye a gefen da ba ka buƙata, kana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har sitikar ta ɓaru ba tare da bayan ya tsage ba. Abin da ka samu rubuta shi a jikin kwalin takardar, don kowace takarda da nata. Rezar da ka cire ma kada ka yar. Sau da yawa danƙo ne ya taru a bakinta. Dunƙule takardar alminiyom ka soka ta a ciki sau da dama, za ta fita fes. Wankewa ce dai, ba wasawa ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da aikin nan, fiye da layin da ya kauce. Wace takarda ka saya? Zoɓo a cikin kula yake kwana da ƙanƙara, in an fito da shi gorar ta yi ta gumi. Sitikar takarda ba ta kai azahar. Tawadar ƙananan firintocin Epson masu tanki da suka cika kasuwa, irin su L3110 da L3210, rini ce mai narkewa a ruwa, rana kuma tana kashe launinta. Ranar farko hajiya za ta ga ja da baƙi sun zubo a hannun masu saye, kuma ba za ta ce tawada ba ce, sunanka za ta kira. Araha ba ta ado. Nemi sitikar leda wadda aka yi don firintar tawada, ka buga, ka bar ta ta bushe sosai, in da hali ta kwana, sannan ka shimfiɗa mata laminetin mai sanyi, wanda ake mannawa da hannu. Yanke laminetin ɗin ya tsaya cikin alamomi, kada ya hau kansu, in ba haka ba ka koma gidan jiya na sheƙi. Kauri ya ƙaru, don haka sai ka sake gwajin nauyin reza, wataƙila ma ta bi sau biyu. Ledar nan kada ka kuskura ka sa ta a firintar leza in ba an rubuta a kwalin ta dace ba, zafin ciki zai narkar da ita ya ɓata firintar mutane. Ka kuma gaya wa hajiya a manna a busasshiyar gora kafin a zuba a kula. Danƙo ba ya kama jiƙaƙƙen wuri.

Kafin ka buga sauran, manna guda ɗaya a gora, ka jefa cikin bokitin ruwan sanyi ta wuni, ka murza da yatsa. Masu humra da man gashi in sun zo, gwajinsu daban ne, mai za ka shafa, don shi ta gefe yake shiga ya ɗaga danƙon. Mai yaji ko dambun nama a busasshiyar roba, takarda mai kyau ta ishe shi, kada ka ɗora masa kuɗin leda.

Wata magana a gefe, tunda kayan ci da sha ka fara: duk wanda ya ce ka sa masa lambar NAFDAC a sitika, ya nuna maka takardar rajistarsa. In ya ce "ka dai sa kowace", ba shi haƙuri ya tafi.

Ka yi lissafin kuɗinka kuwa? Filin da injin ke yarda ya buga ya yanka bai kai A4 cikakkiya ba. A tsohon tsari inci 6.75 ne da 9.25, wato wajen santimita 17 da 23 da rabi. Sabuwar manhaja ta ɗan ƙara, amma alamomi na cin nasu wurin. Zagaye mai santimita biyar, uku a jere sau huɗu, goma sha biyu ke nan a shafi. In hajiya ta ce ɗari biyar take so, shafi 42 ne, kowanne sai ka buga, ka jira, ka manna laminetin, ka ɗora, ka sauke. Sa kuɗin waɗanda za su lalace a ciki, da na reza da tabarma, da na man janareto. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, yawanci shafin ya tafi, don haka ƙaramin UPS, mai riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, ba almubazzaranci ba ne. Injin nan na aikin hamsin ne zuwa ɗari biyu, na mai sabuwar sana'a da ke son gwada kasuwa, da na suna da biki inda kowa ke son nasa daban. Ranar da ta ce dubu biyu, kawo shago mu fitar a babban inji, ka ɗora ribarka a kai.

Gobe in za ka fito, taho da shafi biyu cikin waɗanda suka lalace, kada ka ɓare komai a jiki, da kwalin takardar da ka saya. Ka zo da ruler ma, mu auna tazarar alamomin tare. Ka gaida mutan gida.