Amsa: Yadda ake zancen hutu da Italiyanci

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka ce kana hutawa da Italiyanci. Mafi sauƙi shi ne "mi riposo". In ka ce "mi rilasso", ka saki jiki ke nan, ko babu gajiya. Ɗan barcin rana kuwa "pisolino" ne: "faccio un pisolino".

Wanda ya fi burge ni shi ne "staccare la spina", wato zare filogi daga soket, amma nufinsa ka jingine aiki kwata-kwata. A watan Agusta za ka ji shi sosai, musamman kusa da Ferragosto, ranar hutu a Italiya da ake yi 15 ga wata, lokacin da shaguna da yawa ke rufe ƙofa, mutane su nufi bakin teku. In wani ya matsa maka da gaggawa, ce masa "con calma", wato a hankali.