Tambaya da Amsa: Ƙaramin gidan tarihi ya kai a je ganinsa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Dan Allah za mu yi tafiya zuwa wani ƙaramin gari, an ce min akwai gidan tarihi a can amma ɗaki biyu ne kacal. Maigidana ya ce ɓata lokaci ne, wai ba abin da za mu gani sai tsofaffin tukwane da hotuna masu ƙura, ni kuma ina son in kai yara. Akwai amfani kuwa? Sannan me ya sa suke hana taɓa kaya da ɗaukar hoto? Daga wata uwa mai bibiyar shafin nan.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kai su, ki kuma lallaɓi maigidan ku tafi tare. Manyan gidajen tarihi sun fi mai da hankali kan kayan sarakuna da abubuwan da suka yi suna, shi kuwa ƙaramin gida abin da ya ajiye shi ne rayuwar mutanen garin, garmar da aka yi noma da ita, sikelin 'yan kasuwa, rajistar makarantar farko, wasiƙu, taswirar garin tun yana 'yan gidaje, irin waɗannan in ba a nan ba, ba inda za ki same su, ko a intanet da wuya.

Kafin ku kama hanya ki fara tambayar ranakun da suke buɗewa, don yawanci ma'aikaci ɗaya ne ko biyu, wani lokacin ma 'yan sa kai ne, ba kullum ƙofa take buɗe ba.

In kun shiga kar ki tsaya kallo kawai, ki ja mai kula da wurin da hira, gaskiya nan ne daɗin yake. Yawanci kowane kaya yana da lamba a jikinsa ko a ɗan katin da ke gefensa, a gidaje da yawa za ki ga an rubuta kamar 1987.12.3, ma'ana an karɓo shi a 1987, shi ne kashi na 12 da ya shigo a shekarar, kuma abu na 3 a cikin kashin. Lambar nan tana kai mutum ga littafin rajista inda aka rubuta wanda ya kawo kayan da inda ya fito da abin da aka yi da shi. Ki sa yaran su zaɓi abu guda su tambayi labarinsa, za ki ga tukunyar da ake rainawa ta zama ta wasu mutane da suka taɓa rayuwa a garin. Ki kuma tambayi abin da ke sito, sau da yawa wanda aka adana ya fi wanda aka baje yawa.

Maganar taɓawa kuma ba wulaƙanci ba ne. Hannunmu yana da gumi da maiƙo da gishiri, suna sa ƙarfe ya yi tsatsa, suna barin tabo a takarda da yadi. Haske ma yana koɗar da launi, in kuma ya koɗe shi ke nan ba ya dawowa, shi ya sa ake rage hasken ɗakin tufafi da takardu zuwa wajen lus 50 (lus ma'aunin ƙarfin haske ne), kin ga dalilin ɗan duhun da za ki tarar ke nan. Hoto kuwa wasu filashi kawai suke hanawa, wasu kuma kayan na aro ne masu shi ba su yarda ba, don haka ki nemi izini tukuna.

In tafiyar za ta dace da 18 ga Mayu to ya fi, ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya da ICOM, wato ƙungiyar gidajen tarihi ta ƙasa da ƙasa, ta fara tun 1977, gidaje da dama kan shirya wani abu na musamman ranar, ki tambaya ko su ma suna yi.